Takardar da Ke Magana a Bayan Idon Mai Ita

Duk wanda ya taɓa neman gurbin digiri na biyu ko na uku a jami'ar ƙasar waje ya san tarin takardun da ake buƙata. Akwai sakamakon jarrabawar shekarun digirin farko, akwai shaidar kammalawa, akwai wasiƙun malamai biyu ko uku da za su yi wa mutum shaida, wani lokaci har da sakamakon gwajin Turanci irin IELTS ko TOEFL. Duk waɗannan wasu ne suka rubuta su, kuma alƙalami ya riga ya bushe a kansu. Makin da aka ci a aji biyu ba ya ƙaruwa don an yi nadama. Takarda ɗaya tak ta rage a hannun mai nema, ita ce takardar bayanin kai: shafi ɗaya ko biyu, galibi kalmomi 500 zuwa 1,000, inda zai faɗi abin da ya yi a fagen da ya zaɓa, da abin da yake so ya koya, da amfanin da zai yi da shi. Wasu malamai ne za su karanta ta a wani ɗaki a Ingila ko Jamus ko Amurka, ga tulin irinta a gabansu, mai ita kuma yana can nesa, ba wanda zai tashi ya ce ai ga abin da yake nufi. Shi ya sa nake jinjina wa waɗanda suka iya rubuta ta. Sana'a ce mai kayan aiki da matakai, kuma mafi yawan aikinta ba ya bayyana a kan shafin da aka tura.

Gwani da karatu yake farawa. Kafin ya ɗiga ko harafi ɗaya sai ya zauna da tambayar da aka yi masa, ya karanta ta a tsanake, ya ja layi a ƙarƙashin kowane abu da aka nema, domin masu tambayar ba bakinsu ɗaya ba. Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1983, tambayoyi huɗu yake yi, kowace da amsarta daban: shugabanci da iya shawo kan mutane, ƙulla hulɗar aiki, dalilin zaɓen kwasa-kwasan da aka zaɓa, da tsarin aikin da mutum zai bi bayan ya dawo. Tallafin Commonwealth, da aka assasa a 1959, ya fi ba da ƙarfi ga yadda karatun zai taimaka wa ci gaban ƙasar mai nema. Shirin Fulbright na Amurka, wanda ya samo asali tun 1946, takardu biyu yake nema: ɗaya ta manufar karatu ko bincike, ɗaya ta labarin mutum. Ita kuwa hukumar DAAD ta Jamus wasiƙar bayyana dalili take so, miƙaƙƙiya, marar kwana-kwana. Wanda ya rubuta takarda guda ya rarraba ta ga dukansu, kowanne zai ga amsar tambayar da bai yi ba.

Bayan haka sai tara kaya. Kayan aikin a nan littafin rubutu ne na ɗalibai da biro, sai lokaci, wanda shi ne mai tsada: wata biyu ko uku kafin ranar rufewa. Mai nema zai buɗe shafi ya zuba duk abin da ya taɓa yi tun daga ajin ƙarshe na jami'a, ba tare da ya zaɓa ba. Kundin binciken kammala digiri, shekarar bautar ƙasa, aikin sa-kai a unguwa, rahoton da ya rubuta a ofis wanda ba a ko sa sunansa a kai ba, har da abin da ya gwada bai yiwu ba. A gaban kowanne zai rubuta abin da shi ya yi da hannunsa, da wanda ya amfana, da shaidar da ke akwai. Idan yana shakkar wani adadi, ba ya cike gurbin da ƙiyasi. Zai ɗauko tsohon rahoto ya duba, ko ya buga waya ga wanda suka yi aikin tare ya tambaye shi. Wasu kuma, da yake da Turanci ake rubuta takardar, sukan fara ba wa ƙane ko aboki labarin da Hausa suna ɗauka a waya, sannan su saurara. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Wurin da muryar mutum ta ɗaga, ya fara sauri, ya manta ana ɗaukarsa, galibi a nan zuciyar takardar take.

Bari mu ɗauki misali don a gani kusa. A ce wata matashiya ce daga Haɗeja, ta karanta aikin gona, ta yi shekara biyu tana aiki da ƙungiyar manoman shinkafa, yanzu tana son digiri na biyu a fannin sarrafa albarkatun ruwa. Littafinta ya cika da abubuwa: ta koyar a makarantar sakandare lokacin bautar ƙasa, ta shugabanci ƙungiyar ɗalibai mata, ta iya kwamfuta, ta taɓa cin gasar muhawara. Duk gaskiya ne, duk abin alfahari ne, amma shafi biyu ba zai ɗauke su ba. Aikinta shi ne ta nemo abu ɗaya da ya haɗa jiya da yau da gobe. Da ta duba da kyau sai ta ga ciyawar kacala ce ke ta dawowa a shafukan. Ta taso tana ganin yadda ciyawar ke toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, tana cinye gonaki da wuraren su, tana zame wa tsuntsayen jan-baki maɓoya. A jami'a ta karanta cewa madatsar Tiga, da aka kammala a 1974, da ta Challawa, ta 1992, sun sauya yadda kogin ke gudu, ruwa ya daina ɗaukewa da rani kamar da, ciyawar kuwa abin da take so ke nan. A wurin aiki ta shiga gayyar yashe wata hanyar ruwa, ta ga kacalar ta dawo kafin shekara ta zagayo. To ga tambayar da ta hana ta sakat: me ya sa yanka ba ya maganinta, kuma wane tsarin sakin ruwa ne zai yi? Da zarar ta kama wannan tambaya, takardar ta sami ƙashin baya. Gasar muhawara sai ta koma takardar tarihin karatu da aiki, inda dama can ne muhallinta.

Jimlar farko ita ce ta fi cin lokaci, kuma gwanaye da yawa a ƙarshe suke rubuta ta. Mai gaggawa yakan buɗe da cewa tun yana ƙarami yake sha'awar wannan fanni, ko ya aro wata magana ta Nelson Mandela a kan ilimi ya ɗora a sama. Mai karatu ya ga irin wannan buɗewa tun safe, kuma ba ta gaya masa komai game da mai takardar ba. Matashiyarmu za ta buɗe da wuri da lokaci da aiki. A Hausance, abin da za ta rubuta zai yi kama da haka: a damina ta farko da fara aikina, na tsaya a bakin wata hanyar ruwa da muka yashe wata takwas da suka wuce, na tarar kacala ta sake rufe ta, gonakin da ke ƙasa ba ruwa, na sama kuma ambaliya ta shafe su. Jimla ɗaya ce, amma malamin da bai taɓa jin sunan Haɗeja ba ya riga ya san cewa wannan ta shiga ruwa da ƙafarta, ta san matsalar tana da fuska biyu, kuma tana lura.

Daga nan ake shiga wurin da ya fi yi wa ɗan Hausa nauyi. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, mun taso muna jin cewa yabon kai jahilci ne, kuma ni ban ga abin zubarwa a wannan tarbiyya ba. Sai ga takarda tana cewa faɗi abin da ka yi. Wasu sukan noƙe, su rubuta shafi biyu ba tare da an ga hannunsu a ko'ina ba. Wasu kuma su yi watsi da kunyar gaba ɗaya, su cika takardar da kirari: ni haziƙi ne, ni jajirtacce ne, ni shugaba ne tun daga haihuwa. Gwani ya san wata hanya da ta fi waɗannan biyun, kuma ba ta saɓa wa tarbiyyarsa ba. Ba ya siffanta kansa ko kaɗan. Aikin yake ajiyewa a gaban mai karatu, ya bar masa yanke hukunci. Masu horar da ɗalibai sukan koyar da wannan a matakai huɗu: halin da aka shiga, nauyin da ya hau kanka, matakin da ka ɗauka, da abin da ya biyo baya. Matashiyar ba za ta ce ta iya sasanta mutane ba. Za ta ce manoma da masunta sun yi saɓani a kan ranar buɗe ruwa, aka ɗora mata shirya zama, ta bi bulama da sarkin ruwa gida-gida kafin ranar taro don kada kowa ya ji an yi masa ba-zata a bainar jama'a, aka tashi da jadawalin da ɓangarorin biyu suka bi har ƙarshen rani. Ba kalmar yabo ko ɗaya a ciki, amma duk wanda ya karanta ya san wace ce.

A wannan gaɓa tsohon malami yana da rana. Za ta kai masa daftarin ta ce, "Malam, don Allah a duba mini wannan." Shi kuma zai bi layi-layi da jan biro, ya tsaya a wani wuri ya ce, "'Yata, nan kin ce kun yashe, kun tara, kun shirya. Na ji aikin ƙungiya. Ke me kika yi a ciki?" Tambayar tana da zafi, domin bakinmu ya saba da jingina aiki ga jama'a, kuma hakan ladabi ne. Amma masu zaɓe mutum ɗaya za su ɗauka, ba ƙungiya ba. Gwaninta a nan ita ce a ba kowa haƙƙinsa daidai: abin da gayya ta yi a ce gayya ce ta yi, abin da ita ta auna, ta rubuta, ta shawo kai, ta faɗe shi da bakinta ba tare da ragi ko ƙari ba.

Akwai kuma wani sani da ba kowa ke lura da shi ba, wato tuna cewa mai karatu baƙo ne. Bai san bautar ƙasa ba, don haka a gaya masa cikin rabin jimla cewa hidimar shekara guda ce da masu kammala digiri ke yi a Najeriya. Bai san cewa jami'o'inmu da yawa a kan maki 5 suke auna sakamako ba, alhali a Amurka 4 aka saba. Idan ya ga digirin shekara huɗu ya ɗauki shida, zai iya zaton sakaci ne, sai an gaya masa cewa yajin aikin malaman jami'a ya rufe azuzuwa kusan wata tara a 2020, da wata takwas a 2022. Haka ma idan akwai zangon da maki ya faɗi saboda rashin lafiya ko rasuwar mahaifi. Gwani yakan ba abin jimla ɗaya ko biyu, ya faɗi dalili, ya nuna yadda makin ya farfaɗo daga baya, ya wuce. Ba ya mayar da takardar wurin koke. Wahalar da mutum ya sha tana da wuri a ciki idan ita ce ta haifi tambayar da yake son amsawa, amma masu zaɓe abokin aikin bincike suke nema, kuma na ga takardun da suka fi ratsa zuciya su ne waɗanda masu su suka riƙe mutuncinsu.

Sai sakin layin da ke amsa tambayar me ya sa nan, ba wani wuri ba. A nan ake gane wanda ya yi aiki. Mai son sauƙi zai ce jami'ar ta shahara a duniya, tana da ƙwararrun malamai da kayan aiki na zamani. Jami'ar ta san haka, ita ta rubuta a shafinta. Matashiyarmu kuwa za ta shiga jerin darussan kwas ɗin ta karanta bayanin kowanne. Za ta nemi maƙalu biyu ko uku na malaman sashen ta karanta su har ƙarshe, ko da za su ɗauke ta mako guda. Idan cibiyar nazarin ruwa ta IHE da ke Delft a ƙasar Holan take nema, za ta nemo darasin da ke koyar da yadda ake kwaikwayon gudun kogi a kwamfuta, ta haɗa shi da giɓin da ta gani a kanta: ta iya auna ruwa a hanya guda, amma ba ta iya hasashen abin da sakin ruwa daga Tiga zai haifar a Nguru bayan makonni ba. Faɗin abin da ba ka iya ba, a irin wannan wuri, ƙarfi ne, domin shi ne dalilin zuwa makaranta. Akwai gwaji mai sauƙi da gwanaye ke yi wa wannan sakin layi. Su cire sunan jami'ar su sa na wata. Idan maganar ta zauna daram, to ba ta ce komai ba, sai a sake.

Maganar gobe ba ta son tsawo, tana son ƙafa a ƙasa. Wanda ya ce zai kawar da talauci daga Afirka bai faɗi abin da za a iya riƙewa ba. Wadda ta ce za ta koma aiki da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ko da ƙungiyoyin manoma na yankin, ta fara da tattara ma'aunin ruwa na shekara-shekara, daga baya ta nemi shiga cikin masu tsara jadawalin sakin ruwa, ta ba mai karatu matakala da zai iya hawa tare da ita. Chevening ma sharaɗi ne a wurinsu mutum ya koma ƙasarsa aƙalla shekara biyu bayan kammalawa, kamar yadda suke neman ya zo da aƙalla sa'o'i 2,800 na ƙwarewar aiki.

Idan duk wannan ya hau takarda, daftarin farko yakan ninka adadin da aka yarda. Nan ne aikin da na fi sha'awar kallo yake farawa. Kamar mai shiƙa ce a masussuka, ta ɗaga ƙwarya sama ta bar iska ta raba tsaba da ƙaiƙayi, ta sake ɗagawa, ta sake, har sai abin da ya rage a tabarma duk abinci ne. Kowace jimla ana tambayarta abin da ta kawo wanda ta gabanta ba ta kawo ba. Gaisuwa da godiya masu tsawo su ne farkon fita. Sai kalmomin ƙarfafawa irin su matuƙa da ƙwarai da gaske, waɗanda ke cin wuri ba su ƙara hujja. Sai manyan kalmomin Turanci da aka ɗebo daga ƙamus don burgewa, a mayar da ƙananan da mai takardar ke furtawa a bakinsa. Abin da ya fi ciwo shi ne sakin layi mai kyau, wanda aka sha wahalar gina shi, amma ba ya kan zaren labarin. Shi ma fita zai yi, a adana shi a wani fayil ko zai yi amfani a wata takardar. Sannan a karanta da ƙarfi, a tsaye, kamar ana gaban mutane. Duk inda numfashi ya ƙare kafin jimla ta ƙare, a raba ta biyu. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe, idon mai karatu ma zai yi. Bayan haka a rufe takardar a bar ta kwana uku ko huɗu, domin ido ya kan saba da kuskurensa har ya daina ganinsa.

Masu dubawa biyu sun isa. Ɗaya na cikin fannin, wanda zai kama kuskuren ilimi. Ɗaya kuma wanda bai san komai a kai ba, yaya ko abokiya, a ba shi ya karanta sau ɗaya, a karɓe takardar, a ce, "Yaya, me ka fahimta nake so in yi?" Idan ya iya faɗa cikin jimla biyu, takardar ta tsaya da ƙafarta. Aikin mai dubawa shi ne ya nuna inda ya ɓace ko ya gaji. Ba aikinsa ba ne ya karɓi alƙalami. Takardar da hannu biyar suka gyara takan fito sumul amma ba muryar kowa a ciki. Haka wadda aka saya a shagon kwamfuta, ko aka kwafo daga intanet aka sauya suna, ko aka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zubo ta ana saura kwana ɗaya a rufe. Masu ba da tallafi da jami'o'i da yawa suna tace rubutu da manhajar gano satar fasaha, kuma ko ba a kama ta can ba, irin wannan takarda ba ta san sunan ciyawar ba, ba ta san an bi sarkin ruwa har gida ba.

Sauran aikin na hannu ne, amma shi ma yana da ƙa'ida. A duba ko da kalmomi ake ƙirgawa ko da haruffa, domin wasu shafukan neman gurbi sukan datse abin da ya haura ba tare da sanarwa ba. A tabbatar sunan jami'a da na kwas daidai suke a kowace takarda, musamman ga mai neman wurare da yawa. A lura cewa agogon ranar rufewa na masu ba da gurbin ne, ba namu ba. A tura da sauran kwanaki a gaba, don wuta da sabis ba su da alƙawari.

Bayan turawa gwani yakan buga kwafi ɗaya ya ajiye. Idan aka kira shi ganawa, kamar yadda Chevening ke yi wa waɗanda suka tsallake zagayen farko, takardar nan tana gaban masu tambaya, kuma daga cikinta za su ciro tambayoyinsu. Don haka matashiyar za ta zauna da kwafinta da fensir, ta bi kowace da'awa ta rubuta a gefe tambayar da za ta iya haifarwa: su wa suka ƙi yarda a zaman farko, me ta ce musu, da me aka auna ruwan, me za ta sauya in za a sake. Sai ta ba ƙanwarta takardar ta ce ta yi mata tambayoyin a birkice, ita kuma ta amsa da ka, da Turanci, tana duba agogo.